Koyon aikin jarida: jami'a ko kwalejin fasaha?

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, yaron da ya tashi yana sauraron labaran rediyo har ya ƙudurta a ransa cewa ɗan jarida zai zama yakan tsaya turus a gaban fom. Jami'a zai sa a zaɓin farko ko kwalejin fasaha? A gida kusan kowa jami'a zai ce, don digiri ya fi kwarjini a idon dangi. Idan kuma ya tuntuɓi wani ma'aikacin gidan rediyo, ba mamaki ya ce masa ya tafi politeknik, wai can ake koyon aikin da hannu, jami'a kuwa surutun littafi ne. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya. Abin da ba a cika yi wa yaron ba shi ne a zaunar da shi a faɗa masa abin da zai tarar a cikin ajin, da inda kowace takardar shaida za ta kai shi, da inda za ta tsaya.

Ra'ayina a fili yake tun daga nan. Wanda ya samu gurbi a jami'ar da ke da tsayayyen sashen koyon aikin jarida, ya karɓa. Amma ya shiga da sanin cewa jami'a tunanin ɗan jarida za ta gina masa, hannun kuwa sai ya tashi ya nema da kansa. Wanda bai samu ba, ko wanda halin gidansu ba zai jure shekara huɗu a jere ba, kwalejin fasaha hanya ce mai mutunci, kuma ta wasu fuskokin ma ta fi saurin kai mutum ɗakin labarai. Tsarin Najeriya nake magana a kai. A Nijar hanyar daban ce, inda makarantar IFTIC ta Yamai, wadda yanzu ake kira ESSCOM, ta daɗe tana horar da ma'aikatan yaɗa labarai.

A fara da sunan kwas ɗin, domin ya sauya kuma mutane da yawa ba su lura ba. Tun da Jami'ar Nsukka ta fara koyar da aikin jarida a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya, sannan Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen a ƙarshen shekarun 1970, abin da aka saba da shi kwas guda ne da ɗalibai ke kira Maskom. An cusa komai a cikinsa: jarida, rediyo, talabijin, talla, hulɗa da jama'a. A 2020 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta sanar da rarraba shi gida bakwai: aikin jarida da nazarin kafofin labarai, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafofin sadarwa. Jami'o'i ba su koma sabon tsarin lokaci guda ba. Wata ta rarraba, wata har yanzu tsohon sunan take amfani da shi. Saboda haka duba kundin JAMB na shekarar da za ka nema, ka ga ainihin sunan da makarantar ta sa, kada ka zaɓi talla kana zaton labarai za a koya maka. A nan ne kuma za ka ga darussan da ake nema. Kiredit biyar da suka haɗa da Turanci wajibi ne, yawancin makarantu na neman lissafi, kuma da yawa suna neman adabin Turanci, darasin da ɗaliban Arewa da dama ke tsallakewa a sakandare sai daga baya ya tare musu hanya.

Shekarar farko a jami'a takan kashe wa sabon ɗalibi jiki. Ya zo da zumuɗin riƙe makirfo, sai ya tarar da darussan bai-ɗaya, da gabatarwa kan sadarwa, da tarihin kafofin labarai a Najeriya, da wasu darussa daga sashen kimiyyar siyasa ko nazarin zamantakewa. Za a karanta masa yadda Henry Townsend ya fara buga jaridar Iwe Irohin a Abeokuta a 1859, da yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, da kafuwar New Nigerian a Kaduna a 1966. A aji biyu ne rubuta labari ke shigowa sosai: yadda ake tsara sakin layi na farko ya amsa wa, me, ina, yaushe, yaya da kuma dalili, yadda ake sa mafi muhimmanci a sama, tace labari, sanya kanu, ɗaukar hoto. Aji uku ke ɗauke da mafi nauyi, wato ka'idojin sadarwa, hanyoyin bincike, doka da ɗa'ar aiki, haɗa shirin rediyo da talabijin, sai kuma fita koyon aiki na wasu watanni. Aji huɗu na furojet ne da darussa irin su tafiyar da kafar labarai. Jerin yakan ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ƙashin bayansa ke nan.

Darussan da ɗalibai suka fi ƙorafi a kansu su ne, a ganina, dalilin zuwa jami'ar. Ɗauki darasin doka. Ɗan jaridar da bai san sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ba, wanda ya ba shi 'yancin faɗar albarkacin baki, da sashe na 22 da ya ɗora wa kafofin labarai alhakin bin diddigin gwamnati, bai san ƙasar da yake tsaye a kai ba. A jihohin Arewa ɓata suna laifi ne da kundin hukunta laifuka ya tanadar wa hukunci, ba ƙarar neman diyya kaɗai ba, don haka kalma guda a rahoto tana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka sha amfani da sashenta na 24 wajen kama 'yan jarida kafin a yi mata gyara a 2024. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana 7 ta amsa buƙatar bayani, makamin da 'yan jarida da yawa ke da shi a aljihu amma ba su taɓa zaro shi ba. Akwai ka'idojin hukumar NBC da ke kula da gidajen rediyo da talabijin tun 1992, da dokokin ɗaukar rahoton shari'ar da ke gaban kotu. Malami nagari zai haɗa waɗannan da tarihi: yadda Doka ta 4 ta mulkin soja ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari, da yadda aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa a 1986. Wanda ya zauna zango guda yana tauna waɗannan ba zai ɗauki zargi daga WhatsApp ya karanta a iska da sunan mutum a ciki ba.

Haka darasin hanyoyin bincike, wanda kusan kowa ke tsoro saboda lissafin da ke cikinsa. Shi ne ke koya maka tambayar da ta dace idan wata ƙungiya ta kira taron manema labarai ta ce binciken da ta yi ya nuna kaza: mutum nawa aka tambaya, a ina, wa ya biya kuɗin binciken? Shi ne zai ba ka ƙarfin halin buɗe kasafin kuɗin jiha ka kwatanta abin da aka ware wa lafiya da abin da aka saki. Kafofin da suka yi suna da binciken ƙwaƙwaf, irin su Premium Times da HumAngle, da masu tantance gaskiyar labari irin su Dubawa, mutumin da ya iya wannan suke nema. Ka'idojin sadarwa ma suna da amfaninsu, duk da yawan sunayen Turawa da ake haddacewa. Binciken McCombs da Shaw na 1972, wanda ya nuna cewa abin da kafofin labarai suka yawaita magana a kai shi jama'a ke ɗauka a matsayin babbar matsala, zai sa ka fahimci nauyin da ke wuyan editan da ke zaɓen labarin da zai buɗe labaran safe. Kwalejin fasaha ma tana koyar da doka da bincike, kada a fahimce ni ba daidai ba, sai dai lokacin da ake ba su da zurfin karatun da ake nema a jami'a sun fi yawa.

Rauninta kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya leƙa. Kwas ɗin yana da farin jini, don haka aji yakan cika maƙil. Malami guda ba zai iya karanta rahoton ɗalibai ɗari biyu layi-layi duk mako ba, alhali rubutu ba ya gyaruwa sai wani ya bi shi da jan biro ya ce maka sake. Sutudiyo yana nan, amma kyamara kaɗan ce, kuma mai yiwuwa a rukuni na mutum goma sha biyar biyu ne za su taɓa ta, sauran su sa suna a takarda. Ana iya gama aji huɗu da sakamako mai kyau ba tare da mutum ya taɓa yin hira da baƙo ba. Maganin wannan yana cikin harabar makarantar. Jami'ar Bayero tana da BUK FM a kan mita 98.9, Jami'ar Ahmadu Bello tana da gidan rediyonta a Samaru, Jami'ar Maiduguri tana da Kanem FM. Ɗalibin da ya je ya nemi a ba shi ko da share sutudiyo ne tun daga aji ɗaya, ya riƙa kai rahoton abin da ke faruwa a ɗakunan kwana da asibitin makaranta, shi ne zai fita da abin nunawa. Babu wanda zai zo ya kira ka daga aji ya ce ga dama.

A kwalejin fasaha tsarin kansa ne ke tura ka waje. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna ce ke tsara manhaja, kuma ta ba aikin hannu kaso mai yawa. Shekara biyu za ka yi ka karɓi ƙaramar difloma, ND, da 'yan watannin koyon aiki a tsakani. Daga nan sai shekara guda cur ta aiki a wata kafa kafin a ba ka damar komawa babbar difloma, HND, wadda ita ma shekara biyu ce. Wannan shekarar ta tsakiya ita ce babbar dukiyar wannan hanya. Wata goma sha biyu a ɗakin labarai na nufin za a aike ka kotu, a aike ka kasuwa ka jiyo farashin hatsi, edita ya yaga rubutunka, ka koyi yanka murya a kwamfuta cikin gaggawa saboda saura minti goma a shiga labarai. Mutane su san fuskarka. Da yawa daga nan ake riƙe su, su koma karatu suna aiki. Kwalejin Fasaha ta Kaduna tana da daɗaɗɗen sashe da gidan rediyonta, haka ma akwai makarantun da suka keɓanta da wannan sana'a, kamar Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Najeriya da ke Ogba a Legas, da Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos.

Shiga ma ya fi sauƙi. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB da aka amince da shi 150 ne ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha, kuma a manyan jami'o'i wanda ke son wannan kwas sai ya haura mafi ƙarancin da nisa kafin a dube shi. Amma kada a ɗauka kowace politeknik tana da kayan aiki don kawai sunanta na fasaha ne. Akwai waɗanda sutudiyonsu ba ya buɗewa sai ranar da masu tantancewa za su zo.

Inda hanyar difloma ke da ƙaya shi ne bayan an gama. Mai HND da mai digiri duka suna zuwa hidimar ƙasa, muddin karatun na cikakken lokaci ne kuma shekarunsu ba su haura 30 ba lokacin kammalawa. A kafofi masu zaman kansu edita ya fi damuwa da abin da ka iya. Amma a aikin gwamnati, inda gidajen rediyo da talabijin na jihohi da na tarayya da ma'aikatun yaɗa labarai suke, an daɗe ana bambanta takardun biyu wajen ƙarin girma, har mai HND ya kai wani mataki ya tsaya. Majalisar dokoki ta ƙasa ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Wannan rashin adalci ne a ganina, domin mutumin da ya yi shekara biyar yana koyon sana'a bai cancanci a rufe masa ƙofa saboda sunan takarda ba. To amma mai zaɓe da abin da ke ƙasa zai yi lissafi. Sannan mai HND da ke son digiri na biyu yawanci sai ya fara yin diflomar gaba da digiri, PGD, wato ƙarin shekara da ƙarin kuɗi. Guraben karatu na ƙasashen waje ma sun fi gane digiri. Duk wanda ke hango koyarwa a jami'a ko aiki da manyan ƙungiyoyin duniya, ya sa wannan a ma'auni tun yanzu.

Akwai hanyar da ta haɗa biyun, kuma ita nake yawan ba da shawara ga wanda bai samu jami'a a karon farko ba. Maimakon zaman gida ana jiran JAMB ta baɗi, ka yi ND, ka dage ka fita da sakamako mai kyau, ka yi shekararka ta aiki, sannan ka nemi shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu. Jimillar shekarun za ta kai shida, amma za ka shiga ajin ka'idoji da idon wanda ya riga ya ga aikin, kuma abin da ke gundurar 'yan ajinku kai zai riƙa amsa maka tambayoyin da ka taho da su. Guraben shiga kai tsaye ba su da yawa, kuma kowace jami'a tana da matakin sakamakon da take karɓa, don haka a bincika kafin a dogara da ita.

Kan lokaci, kada ka yarda da lissafin takarda. Digiri shekara huɗu ne, ND da HND da shekarar aiki kuma biyar, amma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya cinye kusan wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma malaman kwalejojin fasaha su ma sun sha tafiya nasu. Kan kuɗi, makarantun gwamnati da yawa sun ƙara kuɗin rajista tun 2023, kuma asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya shafi ɗaliban jami'a da na politeknik na gwamnati. Fa'idar difloma a nan ita ce tana da wurin tsayawa. Idan abubuwa suka yi tsanani bayan shekara biyu, kana da takarda a hannu. Wanda ya bar jami'a a aji uku ba shi da komai.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wanda makarantun biyu duka ba su ba shi haƙƙinsa ba. Da Turanci ake koyarwa, da Turanci ake jarrabawa, amma kaso mai tsoka na aikin da ke jiran ɗalibin Arewa da Hausa ake yin sa. Rediyon Tarayya na Kaduna, Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003 da ɗimbin tashoshin FM da suka biyo bayanta, jaridar Aminiya, Arewa24, sashen Hausa na BBC da ke watsa shiri tun 1957, na DW, na RFI, da TRT Afrika, duk mai Hausa mai tsabta suke buƙata. Ranar gwajin ɗaukar aiki za a miƙa maka labarin Turanci kan hauhawar farashi ko hukuncin kotun ƙoli, a ce cikin ɗan lokaci ka mayar da shi Hausar da manomi a ƙauye zai gane yana tsaka da aiki. A nan masu digiri da masu difloma da yawa ke faɗuwa tare. Jin Hausa daga gida bai isa ba. Akwai ka'idojin rubutu, raba kalma da haɗe ta, haruffa masu lanƙwasa, da iya sakin ginin jimlar Turanci a kama na Hausa. Ta wannan fuskar jami'a ta fi ba da dama, saboda sashen harsunan Najeriya yana kusa da kai a Kano da Zariya da Sakkwato, kuma kana iya ɗaukar darasin fassara ko nahawu a matsayin na zaɓi. Ɗan politeknik kuma shekarar aikinsa ce makarantarsa, in ya yi sa'ar faɗawa hannun tsohon mai fassara. Ko ta ina ka bi, ɗauki labari guda kullum ka fassara, sannan ka saurari yadda ƙwararru suka kawo shi da yamma ka kwatanta.

Kada kuma a manta cewa ba dole sai ta wannan kwas ake shiga aikin ba. Abubakar Imam malamin makaranta ne kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda ya karanta tattalin arziki, ko shari'a, ko aikin gona, ko Hausa, sannan ya ƙara da PGD a aikin jarida, yakan zo da abin da ɗan Maskom ba shi da shi, wato fannin da ya sani ciki da bai. Idan JAMB ta jefa ka wani sashe, ƙofar ba ta rufe ba.

Gaskiyar kasuwar aikin ma ya kamata a faɗa wa yaro kafin ya sa hannu. Albashi a kafofi da yawa kaɗan ne, wasu ma ba sa biya a kan lokaci, kuma daga nan ne al'adar karɓar na goro a wurin taro ke samun gindin zama. Darasin ɗa'a zai gaya maka haramun ne a sana'a, amma ranar da aka miƙo maka ambulan ba ka da kuɗin mota, kai kaɗai ne za ka yanke hukunci. Ko manyan kafofin waje ba su da tabbas: sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara a 1979, ya yi shiru a watan Maris na 2025 bayan gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan gidan. Wannan ya sa wanda ya iya abu fiye da ɗaya, rubutu da murya da haɗa bidiyo a waya da karanta alƙaluma, ya fi samun wurin dafawa.

Kafin ka cike fom, je makarantar da ƙafarka idan da hali. Tabbatar NUC ko NBTE ta amince da kwas ɗin a wannan makaranta, domin rashin amincewar na iya hana ka zuwa hidimar ƙasa. Nemi ɗan aji uku ko ɗan HND, ba jami'in ɗaukar ɗalibai ba, ka tambaye shi: ku nawa ne a aji, yaushe rabonka da shiga sutudiyo, jaridar sashenku tana fitowa kuwa, malamai nawa ne suka taɓa aiki a ɗakin labarai, kuma ina 'yan ajin da suka gabace ku suka yi koyon aiki? Idan amsoshin jami'ar da ta ba ka gurbi sun gamsar, tafi can, ka nemi gidan rediyon makaranta a makon farko. Idan jami'ar sabuwa ce da ba ta da ko makirfo, ga kuma politeknik mai gidan rediyo da malaman da suka yi aikin, ɗauki diflomar, ka nemi digirin daga baya ta hanyar shiga kai tsaye.